Gem ɗin zaure bai lalata mu ba

1/ Duk lokacin da aka tashi lissafa abubuwan da suka ɓata tarbiyyar yara a Kano, sai an cusa gem a ciki, kusa da shaye-shaye da caca. Ni dai ban yarda a zuba su a kwando ɗaya ba. Ku ba ni aron hankalinku, zaren yana da ɗan tsawo.

2/ Ba PlayStation nake nufi ba, wannan na masu kuɗin shiga shago ne. Ina maganar ɗan akwatin robar nan da muke ce wa Family Game, mai kaset rawaya da aka rubuta 9999 in 1 a jikinsa. Ka saka ka ga Mario, Contra, Tank, harbin agwagwa, sai kuma su ɗin dai a yi ta maimaitawa da sabon suna har ƙarshen jerin.

3/ Asalinsa Famicom ne, wanda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983. Na hannunmu kwaikwayo ne daga Chaina. Wato wajen 2015 muna zaure a Wudil muna kashe kanmu a kan abin da yaran Japan suka gama yayinsa tun kafin a haife mu. Bai dame mu ba ko kaɗan.

4/ Mu bakwai ne. Injin na mutum ɗaya, talabijin mai ƙeya ta gidan wani, man janareto kuma karo-karo, naira ashirin-ashirin. Juma'a da yamma asusu ya fi nauyi, don ranar kasuwa ce, wasunmu sun yi tallan ruwa a kara sun samo 'yan canji.

5/ Muna da dokoki, ba wanda ya rubuta mana. Wanda ya mutu ya miƙa hannu ga na gaba. Wanda bai biya ba zai yi kallo, amma ba a korarsa. In an kira salla a kashe, kuma injin ba ya ajiye inda ka tsaya, ko kana bakin gidan dodon ƙarshe shi ke nan, sai daga farko. Akwai mai riƙe littafin kuɗi, har sauke shi muka taɓa yi da ƙuri'a.

6/ Abin da manya ba su gani ba shi ne gyara. Injin nan kullum cikin lalacewa yake. Adafta ya yi zafi, wayar hannu ta tsinke daga ciki, maɓalli ya daina danna. Ba kuɗin kai wa mai gyara, sai mu kwance. A nan na fara ganin allon lantarki da idona. Ɗayanmu ya riƙa zama wurin mai gyaran rediyo har ya iya liƙi da dalma, yau da gyaran waya yake ci da kansa.

7/ Ranar da aka jona shi da filasma, bindigar harbin agwagwa ta ƙi aiki sam. Mun yi sati muna gardama. Ashe bindigar ba ta harba komai, kallo take yi. In ka ja kunama, fuskar talabijin takan yi baƙi na ƙiftawar ido, wurin agwagwar ya zama fari, bindigar ta duba ko ta ga hasken. Filasma tana ɗan jinkirta hoto, sai lissafin ya rushe. Yaron da ya kwana da wannan tambayar a ransa, a ce ɓata lokaci yake?

8/ Sai da na shigo jami'a na gane girman abin da muke riƙe da shi. 8-bit na nufin ƙwaƙwalwar injin tana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255 kawai a lokaci guda. Ma'ajiyar aikinsa kilobait 2 ce. Super Mario Bros na 1985 gaba ɗayansa, da kiɗa da komai, kilobait 40 ne. Hoto ɗaya a wayarka ya ninka shi sau da yawa.

9/ Ku koma ku duba: gajimaren sama da ciyawar ƙasa a Mario zane ɗaya ne, launi kawai aka canza don a tsimin wuri. Talaucin injin ne ya tilasta musu dabara. Ɗan Wudil da ya tashi da ɗaukewar wuta da tsadar data ya fi kowa cancantar ya koyi irin wannan tunanin.

10/ Ga inda muka bambanta da yaran Ingila na wancan zamanin. Su kwamfuta suka samu: BBC Micro a 1981, ZX Spectrum da Commodore 64 a 1982. Kana kunnawa, yaren BASIC ne yake jiran ka rubuta masa umarni. Mujallu na buga lambobin gem shafi-shafi, yaro ya zauna ya kwafe, ya yi kuskure, ya nemo, ya canza launi, daga nan ya fara nasa.

11/ David Braben da Ian Bell suna ɗalibai a Kambirij suka rubuta Elite a 1984. Da waɗannan injina suka ɓace, Eben Upton ya lura masu neman karatun kwamfuta a jami'ar ba su zuwa da gogewar na baya. Shi ne silar Raspberry Pi, da ta fito a 2012, kuma Braben yana cikin waɗanda suka kafa gidauniyarta. Su kewar abin ta sa suka ƙera madadinsa.

12/ Abin takaici, akwai irin Family Game mai allon rubutu da ake sayarwa a matsayin kwamfutar koyo, kuma a kaset ɗinta akwai BASIC. Wani a layinmu yana da ita. Babu babba ko ɗaya da ya zauna ya ce mana, wannan da kuke tsallakewa da shi ake rubuta gem. Abin da muke ji kawai, ku tashi ku ba mutane wuri.

13/ Ba na musun ɓarna. Na san wanda ya riƙa gudun Islamiyya saboda Contra, na san wanda ya taɓa canjin cefane. Kuma ƙannenmu mata leƙe kawai suke yi daga bayan labule, ba wanda ya miƙa musu hannu. Iyayen da suka yi faɗa suna da hujjarsu.

14/ Amma a zaure ake yin abin. Baba zai wuce ya gani, maƙwabci zai leƙo ya ce lokacin makaranta ya yi. Yanzu fa? Yaro shi kaɗai cikin bargo da waya ƙarfe biyun dare, ba mai ganinsa, tallar caca tana faɗo masa tsakanin wasa da wasa. Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, amma manhajar da ke aljihun yaro ba ta da ƙofar da za a saka wa kwaɗo.

15/ Garin nan yana da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Mu ɗaliban kwamfuta da na lantarki muna zaune cikin unguwanni, yaran maƙwabta suna ɗebo mana ruwa. Me zai hana Asabar ɗaya a wata mu tara su, da izinin iyayensu, awa ɗaya wasa, awa ɗaya kwance inji ko haɗa ɗan gem da Scratch? Kyauta ce, kuma tana aiki ba intanet. Da rana za a yi, don yara mata su samu zuwa.

16/ Mu uku mun yarda za mu fara bayan jarrabawa, laftof biyu muke da su. Abin da muka rasa talabijin mai ƙeya, saboda agwagwar nan. Duk wanda ke da ita a ƙarƙashin gado, ko tsohon kaset, ko hannu ko da matacce ne, ya yi min magana ta inbos, ni zan zo har gida in ɗauka.