Karatun Lauya: Wace Shari'a, Kuma a Wace Jami'a?

Duk shekara idan aka fara sayar da fom ɗin JAMB, gidaje da yawa a Arewa kan yanke hukunci cikin gaggawa. Yaron da ya fi ƙoƙari a ajin kimiyya likita zai zama. Yarinyar da ba a iya ka da ta a gardama kuwa, ai wannan lauya ce tun tana zanen goyo. Sai a je shagon intanet a cika fom, a zaɓi jami'ar da ta fi kusa da gida ko wadda aka san wani a ciki, a dawo ana kiran yarinya Barista tun ba ta zana jarrabawa ba.

Hanyar tana da tsawo. Wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB zai yi shekara biyar kafin ya karɓi digiri, wanda ya shiga aji biyu kai tsaye da difloma ko wata shaidar da jami'a ta amince da ita zai yi huɗu. Digirin kaɗai ba ya ba mutum damar tsayawa gaban alƙali da sunan wani. Sai ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya ya yi shekara guda, ya ci jarrabawarta, sannan majalisar dattawan lauyoyi ta rantsar da shi. Dokar 1962 ce ta kafa wannan makaranta, ta kuma buɗe a titin Igbosere da ke Legas a 1963 da ɗalibai takwas kacal. Kafin nan Ingila ake zuwa. Can marigayi Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori, lauyan farko daga Jihar Arewa, ya zama lauya a 1955. Tun 1997 hedikwatar makarantar tana Bwari a Abuja, kuma tana da rassa a Legas, Inugu, Yenagoa, Fatakwal, Yola da Bagauda ta jihar Kano. Idan aka haɗa da shekarar bautar ƙasa, shekara bakwai ke nan, wato idan malaman jami'a ba su tafi yajin aiki ba. Na 2022 kaɗai wata takwas ya ci.

Ƙaramin tarko na farko tun a sakandare yake. Yawancin jami'o'i na neman kiredit a Adabin Turanci ga mai son karatun lauya, ga shi makarantu da dama a wajenmu ba su da malamin wannan darasi. Sai yaro ya kai aji shida sannan ya ji labari.

Babban tarkon kuwa shi ne maganar kaso. Amincewar Hukumar Kula da Jami'o'i, wato NUC, ba ta isa ba. Akwai Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi, wadda Makarantar Horar da Lauyoyi ke ƙarƙashinta, kuma ita ce ke tantance kowace tsangaya ta yanka mata adadin ɗaliban da za ta ɗauka a shekara. Jami'ar da aka ba kason mutum hamsin ta ɗebi ɗari biyu, to ragowar za su gama digiri su zauna a gida suna jiran layi. A 2023 majalisar ta dakatar da Jami'ar Baze ta Abuja daga ɗaukar ɗaliban lauya saboda wuce kasonta na hamsin. A Janairun 2025 JAMB ta sanar da cewa ba za ta ba da gurbin karatun lauya a jami'o'i takwas ba a zangon da ke tafe a lokacin, cikinsu har da Jami'ar Jihar Taraba da ta Jihar Kwara da Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil. Ɗaliban da suka yi digirin lauya a jami'ar karatu daga gida, NOUN, sun kwashe shekaru suna safa da marwa kafin a buɗe musu wata kafa ta musamman. A duk waɗannan, kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: jami'a ta riga ta karɓi kuɗin makaranta, ɗalibi ne ke biyan tarar da shekarun rayuwarsa. Uban da zai sayar da gona ya kai ɗansa jami'a mai zaman kanta, ya fara takawa ofishin shugaban tsangaya ya tambayi kasonsu nawa ne, mutum nawa ke aji ɗaya, kuma waɗanda suka gama bara suna ina. Wanda ya yi digirinsa a ƙasar waje shi ma ya sani cewa akwai wani zangon share fage da zai yi a Makarantar Horar da Lauyoyi kafin ya haɗu da sauran, kuma ba kowace takarda ake karɓa ba.

Wannan duk maganar kauce wa asara ce. Abin da ya fi damuna shi ne zaɓin da ake yi tsakanin nau'o'in digirin kansu.

A jami'o'inmu na Arewa akwai hanya biyu. Akwai digirin da ya tsaya kan dokokin da muka gada daga Ingila da waɗanda majalisunmu suka yi, akwai kuma wanda ya haɗa waɗannan da shari'ar Musulunci. Jami'ar Ahmadu Bello, a harabarta ta Kongo da ke Zariya, tana da duka biyun, haka Jami'ar Maiduguri da ta Ilori. Jami'ar Bayero da Jami'ar Usmanu Danfodiyo an san su da digirin haɗaka. Duk wanda ya gama ɗaya daga cikin biyun, makaranta ɗaya zai je, jarrabawa ɗaya zai zana, hula da riga iri ɗaya zai sa. Amma akwai wani kallo da ake wa na haɗakar a tsakanin iyaye 'yan boko da ɗaliban kansu, kamar shi ne na wanda makinsa bai kai ba, ko na wanda ya haƙura zai ƙare a ƙaramar kotu yana raba aure. Na sha jin ana ba yaro shawara ya guje shi don kada a taƙaice shi. A ganina wannan shawara ce ta wanda bai leƙa kotu ba, bai kuma buɗe kundin tsarin mulki ba.

Ɗalibin haɗaka yana karanta dokar kwangila da ta filaye da ta kamfanoni da ta shaida da tsarin mulki kamar kowa, sannan ya ɗora da usulul fiƙhi da hukunce-hukuncen aure da gado da ciniki da shari'a a mazhabar Malikiyya. Nauyinsa ya fi yawa, ƙofofinsa ma sun fi yawa. Sashe na 237 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta a samu aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya. Sashe na 288 ya ce a lura da buƙatar irinsu wajen naɗa alƙalan Kotun Ƙoli. Sashe na 276 ya buɗe kujerar Kadi ga lauyan da ya shekara goma da rantsuwa kuma yake da shaidar ilimin shari'ar Musulunci, yayin da kujerar Babbar Kotu ma a buɗe take gare shi bayan waɗannan shekaru goman. Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, wanda ya riƙe muƙamin Babban Jojin Najeriya daga 2019 zuwa 2022, digirinsa na farko a shari'ar Musulunci ya yi shi a Zariya. Ga kuma harkar kuɗi: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na naira biliyan 100 a 2017, TAJBank da Lotus suka biyo baya. Kowace yarjejeniyar murabaha ko ijara sai an sami wanda zai rubuta ta yadda za ta gamsar da Babban Banki ta kuma gamsar da malaman da ke sa ido.

Amma bar batun manyan kujeru. Talakan Gumel ko na Illela ba ya sanin Babbar Kotu sai a rediyo. Abin da ke kai shi gaban alƙali shi ne gadon gida, iyakar gona, riƙon 'ya'ya, bashi, wasiyya, kyautar da wani ya ce mamaci ya yi masa kafin ya cika. A kotun shari'ar Musulunci ko kotun yanki ake yanke waɗannan, kuma da littattafan fiƙihu irin su Tuhfa da Mukhtasar da Risala ake kafa hujja. Lauyan da bai san wane ne mudda'i wane ne mudda'a alaihi ba, bai san a kan wa rantsuwa take ba, bai san cewa rashin yin i'izari kafin hukunci na iya rushe shari'a a sama ba, zai tsaya da rigarsa yana Turanci a ƙwace wa marayu haƙƙinsu a gabansa. Gadon da aka bari shekara talatin ba a raba ba, har wasu magadan suka rasu suka bar nasu magadan, lissafin munasakha yake buƙata, kuma ba a koyon sa a daren jarrabawa. Wannan bai tsaya kan Musulmi ba. Lauya Kirista da ya buɗe ofis a Kaduna ko Jos ko Gombe, masu irin waɗannan ƙararrakin za su ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Mu tuna shari'ar Amina Lawal, bazawarar da aka tuhuma da zina saboda ta yi ciki. Lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Katsina ta sallame ta a Satumbar 2003, duniya ta ɗauka hayaniyar ƙasashen waje ce ta yi aiki. Hujjojin da kotun ta dogara da su daga cikin gida suka fito: cewa mai iƙirari yana da damar janye iƙirarinsa, cewa a Malikiyya ana iya jingina cikin bazawara ga tsohon mijinta har tsawon shekaru, cewa alƙali ɗaya ne ya zauna a kotun farko alhali dokar jihar ta tanadi uku. Lauyoyin da suka iya buɗe littafin fiƙihu da kundin dokar jiha a kan tebur ɗaya su ne suka yi wannan aiki.

Haɗa karatun biyu ba sabon abu ba ne a wajenmu. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da malamai daga Sudan, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci. A nan Sheikh Abubakar Gumi ya yi karatu kafin ya zama Girandi Kadi. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Abu Rannat, kuma shawararsu ce ta haifar da kundin Final Kod da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a 1960. Aikin sake horar da alƙalai kan sababbin dokokin a Kongo aka yi shi, inda tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello take har yau.

To sai dai ba zan ɓoye wa iyaye inda digirin haɗakar ke ɗingishi ba. Larabci ne. A aji ɗaya za ka tarar da yara iri biyu. Akwai wanda ya fito daga makarantar Islamiyya, ya zana jarrabawar NBAIS ta makarantun Larabci da Islamiyya, yana karanta Risala ba wasali amma Turancin kotu na ba shi wuya. Akwai kuma wadda ta fito daga makarantar kuɗi, Turanci kamar ruwa, Larabcinta bai wuce na salla ba. Don a tafi tare, sai a koyar da fiƙihu da Turanci daga taƙaitattun takardu, a yi 'yan darussan Larabci da ba su isa su sa mutum ya warware baiti ɗaya na Tuhfa ba. Yaro ya fito da shaidar da ta ce ya san shari'ar Musulunci, alhali idan alƙalin ƙaramar kotu da ya tashi a zaure ya jawo masa nassi sai ya yi shiru. Ɗan Islamiyyar kuwa, idan ba a gyara masa Turanci ba, Makarantar Horar da Lauyoyi ce ke ka da shi. Jami'ar da ta tara su a aji ɗaya tsawon shekara biyar ta sallame su kowa da raunin da ya zo da shi ba ta yi aikinta ba. Gwajin Larabci da na Turanci a shekarar farko, da raba aji gwargwadon buƙata, da hana wucewa aji huɗu sai ɗalibi ya karanta nassi da bakinsa ya fassara, duk abubuwa ne da majalisar tsangaya za ta iya zartarwa ba tare da jiran Abuja ba.

Masu difloma daga kwalejojin shari'a, irin ta Aminu Kano da ake kira Legal, sau da yawa su suka fi kowa tushe a wannan fanni. Diflomar ba ta mai da su lauyoyi, amma tana iya zama tsani zuwa aji biyu, kuma ya kamata jami'o'i su riƙa ware musu gurabe da gangan.

Ita ma Makarantar Horar da Lauyoyi da nata raunin. Darussanta biyar ne: ƙarar laifi, ƙarar haƙƙi, harkar kadarori, harkar kamfanoni, da ɗa'ar aiki. Babu ɗaya da aka keɓe wa yadda ake gudanar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci, duk da cewa tun bayan matakin Zamfara na ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999 jihohi goma sha biyu sun faɗaɗa hurumin waɗannan kotuna har zuwa laifuka. Rassan Bagauda da Yola suna zaune a tsakiyar al'ummar da waɗannan kotuna suka fi shafa, ga tsofaffin Kadi-Kadi da suka yi ritaya a Kano da Adamawa waɗanda za su iya koyarwa. Darasi ne da za a iya sa shi na zaɓi, kuma lokacin da ake tura ɗalibai zaman koyo a kotuna, a bar mai so ya yi wani ɓangare na makonninsa a gaban Kadi. Reshen Ƙungiyar Lauyoyi na Kano da na Sakkwato da na Maiduguri suna da bakin da za su kai wannan buƙata gaban Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi a rubuce.