Gwajin da ke fallasa sirrin wuta-wuta: me manomin Minjibir zai ƙaru da shi?

Jama'a, duk damina kukan ɗaya ne a ƙasar Minjibir: wuta-wuta ta cinye gero da dawa, taki kuma ya yi tsada. Matsalolin nan biyu haɗe suke, kuma wani gwaji da masana ke yi ya nuna yadda abin yake.

Ƙwayar irin wuta-wuta kan kwanta a ƙasa fiye da shekara 10 ba ta tsiro ba. Ruwa kaɗai ba ya tada ta. Sai ta ji wani sinadari, sitirigolakton, da saiwar amfanin gona ke fitarwa. A 1966 aka fara gano irinsa a saiwar auduga, a Amurka. A 2008 kuma aka tabbatar cewa shi ne ke hana shuka yawan 'ya'ya da rassa.

Gwajin ba shi da wuya. A jiƙa irin a wuri mai ɗumi kamar mako biyu, a ɗiga masa ruwan da saiwar shuka ta fitar, sannan a ƙirga waɗanda suka tsiro. Idan sun yi yawa, to wannan shukar tana kiran wuta-wuta da ƙarfi. Da irin wannan gwajin ake tace dawar da ba ta cika tada ita ba, kamar SRN39.

Darasi na farko: idan ƙasa ta rasa fosfaras, saiwa na ƙara fitar da sinadarin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya janye taki don tsada, wuta-wuta ya gayyato. Ko takin gida ne, a zuba.

Na biyu: waken suya, gyaɗa da auduga na tada wuta-wutar gero, amma ba ta iya kama saiwarsu, sai ta mutu cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa muke nacin a riƙa juya shuka.

Sai dai a kula, wake yana da tasa wuta-wutar daban. Maganinta iri mai juriya, kamar SAMPEA 10, wato IT97K-499-35 na cibiyar IITA, wadda ke da gonar gwaji a nan Minjibir.

Gonakinmu a manne suke, iska da dabbobi na kwasar irin daga wannan zuwa waccan. Don haka ƙungiyoyi su sa rana guda a tuge ta kafin ta yi fure, su kuma haɗa kuɗi su sayi ingantaccen iri tun kafin ruwa ya sauka.