Idan Mota Ta Ƙi Tashi, A Saurare Ta Tukuna

Sharhinmu na yau a kan motar da ta ƙi tashi ne, musamman a lokacin da hunturu ya kankama, ake ganin magidanta da sassafe sun ɗaga bonet, yara kuma na tsaye da jakunkunan makaranta.

Abin da ke damun mu shi ne yadda ake kashe kuɗi kafin a san ciwon. Mota ta ƙi tashi, sai a sayi sabon batir. Ba ta tashi ba, a canza filogi. Daga nan a ce famfon mai ne. Kafin a gano matsalar albashin wata ya tafi, alhali tun murɗa makulli na farko motar ta faɗi abin da ke damun ta.

Malam mai mota, murɗa makulli ka kasa kunne. In ka ji shiru, ko fitilun gaban direba suka dushe, ko ka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri amma injin bai juya ba, to wuta ce ba ta isa. Ko a nan kada ka yi saurin yanke wa batir hukunci. Duba kawunansa biyu. Sau da yawa za ka tarar wani farin gari ya taru a kai, ko kan ya yi sako-sako har hannu na iya juya shi. Kik yana jan wuta mai yawan gaske, saboda haka 'yar dattin da ba ta hana fitila kamawa tana iya hana shi juya injin. Cire kan mai alamar ragi da farko, kankare su duka, ka mayar ka ɗaure tamau. Motoci da yawa maganinsu ke nan, ba ko kwabo.

In hakan bai yi ba, a auna. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6. Idan injin na aiki, ya kamata mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai haka ba, altaneta ce ba ta caji, ko bel ɗinta ya saki, kuma duk batirin da ka saya zai sauka cikin 'yan kwanaki. Zafin bazara ne ke cinye batir a hankali, sanyi ya zo ya tona asirinsa.

A nan dole mu ja kunnen wasu masu rewaya. Al'adar zare kan batir injin na aiki, wai a ga ko altaneta na caji, ta zamanin motocin kafireta ce. Motar yau tana da kwamfuta, kuma tsallen wuta sau ɗaya na iya ƙona ta. Kuɗin mitar awo bai kai kuɗin batir ba, balle na ƙwaƙwalwar mota.

Idan fitilu na haske sosai amma ƙas ɗaya kawai ka ji, kik ake zargi. In motar otomatik ce, taka burki ka mayar da giya kan N ka sake gwadawa. Kada a tara matasa su tura ta, otomatik ba ta tashi da turi. In za a jona mata wuta daga wata motar, alamar tarawa ta tafi ga alamar tarawa, waya ta ƙarshe kuma a maƙala ta a jikin ƙarfen injin, nesa da batir, domin batir na fitar da iskar da tartsatsi kan kunna.

Saura motar da injinta ke juyawa lafiya amma bai kama ba. Wannan ko mai ne bai iso ba, ko filogi ba ya ba da wuta. Buɗe makulli ba tare da ka buga kik ba, za ka ji famfon mai ya yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu daga wajen tanki. In babu, a fara duba fiyus da rile kafin a sauke tanki. Ka tuna kuma inda ka sha mai jiya. Ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da gurɓataccen fetur ya shigo Najeriya ya lalata motocin jama'a, balle man jarka na bakin titi. Kada ka yi ta buga kik ba hutu, zafi zai yi ya ƙone.

Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka tun 1996 suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'ura ta karanto matsala, kuma yawancin motocin Kwatano da ke titunanmu suna da ita. A yi amfani da ita.

Kiranmu ga makanikai da masu rewaya: ku auna kafin ku ce a sayo. Kai kuma mai mota, duk kayan da aka ce maka ya mutu, ka roƙi oga cikin mutunci ya gwada shi a gabanka kafin ka zaro kuɗi. Allah Ya kiyaye hanya.