Kocin Gida Ya Cancanci A Yi Masa Haƙuri

A duk lokacin da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ci wasa, ɗan wasan da ya jefa ƙwallo a raga ake ɗagawa sama. Idan kuwa ta sha kashi, koci ake tuhuma. Koci shi ne mai horar da 'yan wasa, kuma aikinsa bai bambanta da na malamin makaranta ba: yana gano baiwa, ya raine ta, ya jira ta nuna. A ganina, ba mu cika yi wa masu wannan aiki adalci ba, musamman idan 'yan ƙasa ne. Tarihin marigayi Shu'aibu Amodu, wanda ya taɓa horar da ƙungiyar El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, ya isa misali.

An haifi Amodu a shekarar 1958, kuma mutumin Okpella ne a Jihar Edo. Ya taka leda a ƙuruciyarsa, amma karaya a ƙafa ta raba shi da wasa da wuri, sai ya koma horarwa. A 1990 ya jagoranci BCC Lions ta garin Gboko ta ci kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka lashe kofunan ƙasashensu. Daga nan ya zo Maiduguri. El-Kanemi ta ɗauki Kofin Ƙalubale sau biyu a jere, a 1991 da 1992, kuma Amodu ne kocinta a nasara ta biyu. Har yanzu dattawan garin suna tuna wannan zamani. Daga baya ya horar da Shooting Stars ta Ibadan da Orlando Pirates ta Afirka ta Kudu.

Amma babbar jarrabawarsa ita ce ƙungiyar ƙasa, wato Super Eagles. Sau biyu yana samo wa Nijeriya gurbi a Gasar Kofin Duniya, ta 2002 da ta 2010. A shekarun biyu duka ya kai ƙungiyar matsayi na uku a Gasar Kofin Afirka, na farko a Mali, na biyu a Angola. Sai dai a duk karon biyu an sauke shi 'yan watanni kafin gasar duniyar. Festus Onigbinde aka ba ragama a 2002, sannan Lars Lagerback, mutumin ƙasar Suwidin, a 2010. Wannan shi ne abin da Hausawa ke cewa kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sakamakon kuwa bai yi daɗi ba, domin a gasannin biyu Nijeriya ba ta ci wasa ko ɗaya ba, ta dawo gida tun daga zagayen farko.

Waɗanda suka goyi bayan sauke shi suna da hujjarsu. Sun ce matsayi na uku ya yi wa ƙasa kamar Nijeriya kaɗan, kuma salon wasan ƙungiyarsa ba ya ƙayatarwa. Sukan kuma tunatar da mu cewa baƙo ne, Clemens Westerhof ɗan ƙasar Holan, ya ci mana Kofin Afirka a 1994, ya kuma kai mu gasar duniya karo na farko a Amurka. Wannan gaskiya ne. Sai dai kada a manta, Westerhof ya fara aiki tun 1989. Shekara biyar aka ba shi yana gina ƙungiya, yana faɗuwa yana tashi. Ashe abin da ya kawo nasarar shi ne lokaci da amincewa, kuma su ne aka hana Amodu. Da aka bar Stephen Keshi, wanda shi ma ɗan gida ne, ya yi aikinsa, ya ci Kofin Afirka a 2013, ya kuma tsallake zagayen farko na gasar duniya a 2014.

Maiduguri ta sake ba mu shaida a 2024. A shekarar ne El-Kanemi, tana rukuni na biyu na gasar ƙasa, ta doke Abia Warriors da ci biyu da nema a Legas, ta ɗauki kofin da ta yi shekara 32 ba ta taɓa ba. Kocinta Aliyu Zubairu ɗan ƙasa ne, kuma daga nan aka ba shi Flying Eagles, ƙungiyar matasa 'yan ƙasa da shekara 20. Wannan ya nuna ƙwararru ba su ƙare a gida ba.

Amodu ya rasu a Benin ranar 10 ga Yuni, 2016, kwana uku bayan rasuwar Keshi, bai taɓa zama a kujerar koci a gasar da ya kai ƙasarsa sau biyu ba. Yabon da aka yi masa bayan ya rasu bai gyara komai ba. Abin da ya dace shi ne hukumomin wasanni su riƙa ba kocin gida wa'adi tabbatacce, su biya shi haƙƙinsa a kan lokaci, su auna shi da aikin shekaru maimakon wasa ɗaya. Mu ma 'yan kallo mu rage gaggawar neman a kori mutum. Wanda ya yi shuka da noma shi ya fi cancanta ya yi girbi.