Minti biyu na shiru kafin Jibin Ubangiji ba su isa ba

'Yan'uwa na Madawa, Buza da Keita, da ku da ke can wurin bida, maganar yau ta cikin gida ce, tamu ta Kirista, amma maƙwabtanmu Musulmi ma su saurara, don sun fi kowa sanin inda muke ɗingishi.

Duk Lahadin da za a ci Jibin Ubangiji, fasto yakan tuna mana gargaɗin Bulus a Korantiyawa ta fari, sura 11, cewa mutum ya fara auna kansa tukuna. Sai mu sunkuyar da kai, minti biyu, wani lokaci ma bai kai ba. Me muke dubawa? Ban sha giya ba, ban yi zina ba, na ba da zakka. Shi ke nan, mun ci jarrabawa. Mu muka rubuta tambayoyin, mu kuma muka ba kanmu maki.

Amma ku koma ku karanta surar daga aya ta 17. Abin da ya ɓata wa Bulus rai shi ne masu hali suna rigan kowa ci, su ƙoshi, talakan cikinsu yana zaune da yunwa a taro ɗaya. Laifin tsakanin mutum da ɗan'uwansa yake. Can ya kamata bincikenmu ya fara.

Kowa a nan ya san rudu. Lokacin cirar albasa kuɗinta ya faɗi, sai manomi ya zuba ta ciki yana jiran farashi ya tashi. Wanda ya san aikinsa ba ya tsayawa bakin ƙofa ya ce lafiya lau. Shiga yake yi, ya juya ta, ya sunsuna, ya fitar da wadda ta fara laushi tun ba ta shafi sauran ba. Mun iya wannan sarai a kan albasa. A kan halinmu kuwa, leƙe muke yi daga waje.

Kuma a kan albasar nan muke faɗuwa. Buhu nawa muka cika, manya a sama, ƙanana da masu laushi a tsakiya, muna cewa ai sai an kai Akara ko Abijan za a buɗe? Kuɗin man injin ban ruwa da na taki da muka ranta, mun sayar da amfani, mun sayi babur, mai bashi yana nan yana jin nauyin tambayarmu. Ga na Buza da Keita, inda gidaje da yawa ke rayuwa da abin da 'yan bida suka aiko: jika goma da aka ba ka ka kai wa tsohuwar wani, nawa suka isa hannunta? Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke zuwa mana a rai cikin minti biyun nan.

A ƙidayar 2012 Kirista ba su kai ɗaya bisa ɗari na mutanen Nijar ba. A ƙauye, gida ɗaya ko biyu ne. Ma'ana, abin da mutum ɗaya ya yi a kasuwa, dukanmu aka rubuta wa. Tun 1950 asibitin Galmi yake karɓar marasa lafiya ba tare da tambayar addininsu ba, kuma mutuncin da sunan Kirista yake da shi a wannan yanki, da yawansa daga irin wannan aiki ya fito. Wasu suka tara, mu muna kashewa.

Mun fi son mu tuna watan Janairu na 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Abin ya faru, ya kuma yi zafi. Sai dai wanda aka zalunta yakan saba da ganin kansa mai gaskiya a kowace shari'a, har wadda shi ne ya ci amana.

Wani zai ce, ai da alheri aka cece mu, ba da ayyuka ba. Haka ne, kuma ba muna cewa mai raunin zuciya ya shekara yana gudun Jibi don yana ganin bai cancanta ba. Akwai iyayenmu mata da ke yin haka, abin tausayi. Amma a Matiyu sura 5, Yesu ya sa sulhu da ɗan'uwa gaba da miƙa baiko. Da ƙafa ake zuwa a yi shi.

Don haka muna roƙon fastocinmu da dattawan ikilisiya: a riƙa sanar da Jibi mako guda kafin ranar, a kuma faɗi dalili ɓaro-ɓaro. Kwana bakwai sun isa mutum ya ci kasuwa ɗaya, ya je gidan mai bashinsa, Kirista ne ko Musulmi, ya biya ko ya sa ranar biya a gaban shaida.