Ra'ayinmu: Littafin da Sufeto Ba Zai Duba Ba

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a makarantar firamare ya san yawan littattafan da aiki ya ɗora masa: rajistar aji, tsarin aikin zango, shirin darasi, takardar makin jarrabawa, ga kuma littafin tarihin makaranta da ke ajiye a ofishin hedimasta. Dukkansu domin idon wani ake cika su, ko shugaban makaranta, ko sufeto, ko jami'an SUBEB. A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani littafi daban, wanda babu mai tambayarsa, amma rashinsa yana cutar da mu: littafin da malami zai riƙa rubuta wa kansa abin da ya gani a aikinsa, da abin da ya fahimta daga ciki.

Abin da ya tayar da maganar shi ne halin da muke ganin 'yan'uwanmu suna shiga idan lokacin ƙarin girma ya zo. Malami ya fara aiki da takardar NCE a mataki na 7, ya shafe shekara 15 ko 20 a cikin aji, ya fitar da ɗaruruwan yara, amma idan aka miƙa masa fom ɗin tantance aiki na shekara, ko aka zaunar da shi gaban masu ganawa aka ce ya kawo wata matsala da ya warware, sai ya yi shiru yana laluben abin faɗa. Ba don bai yi aikin ba. Ya yi, amma bai ajiye ba, kuma ƙwaƙwalwa ba rumbu ba ce.

Mafi nauyi daga wannan shi ne batun shugabanci. Mun san yadda ake zama hedimasta a wurinmu: takarda ce take zuwa daga ofishin sakataren ilimi, washegari mutum ya karɓi mabuɗi da hatimi. Daga ranar shi ne mai sasanta malami da malami, shi ne mai tarbar uban da ya zo a fusace, shi ne mai zama da kwamitin SBMC da mai unguwa. Kwalejin ilimi ta koya mana dabarun koyarwa, amma kaɗan ne daga cikinmu aka koya wa yadda ake gaya wa wanda ya girme ka cewa yana makara. Wannan ilimi yana nan warwatse cikin shekarun da muka yi muna kallon shugabanninmu, masu kyau da marasa kyau. Wanda ya riƙa rubutawa, ranar da kujerar ta zo masa yana da malami a cikin jakarsa.

Abin ba baƙo ba ne. Mun karanta John Dewey a kwaleji, shi da ya nace cewa sai an yi tunani a kan abin da aka aikata kafin ya zama darasi. Malamanmu na zaure kuma sun daɗe suna kiran abin da sunan muhasaba, wato mutum ya yi wa kansa hisabi.

Yadda ake yi bai kai a tsorata ba. Littafin rubutu mai ganye 40 ya isa, da minti goma bayan an tashi, ko sau biyu a mako. A ce yau darasin rabawa ya ƙi shiga a aji huɗu. Kada a tsaya ga “yaran ba su gane ba”, domin wannan ƙorafi ne kawai. A rubuta a ina suka ɓace, wane misali aka ba su, me ya faru da aka koma ga ƙirgen tsakuwa, me za a sauya gobe. Haka kuma idan an yi cacar baki a taron malamai: me na faɗa, me ya sa na faɗa, da na yi shiru me zai faru? Tambayar ƙarshen nan tana da ɗaci, kuma ita ce aka fi tsallakewa. A ƙarshen zango a koma a karanta daga farko. A nan ne mutum yake ganin cewa yaran bayan aji ba sa taɓa fitowa cikin rubutunsa, ko kuma cewa duk rigimarsa ranar Litinin take faruwa.

Za a ce ina lokaci, ga aji cike maƙil, ga albashin da ba ya kai wata, ga gona ko ɗinki bayan an tashi. Gaskiya ne, kuma ƙungiya ba za ta daina neman haƙƙinmu ba. Amma dokar 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, inda aka soma aiki da ita. Da yawanmu muna da sauran shekara ashirin a gaba. Ba mu ga hikimar maimaita shekara ɗaya sau ashirin ba.

Gargaɗi biyu. Na farko, 'ya'yan mutane amana ne: kada a rubuta cikakken sunan yaro ko sirrin gidansu, harafi ɗaya ya wadatar, littafin kuma kada a bar shi a kan tebur. Na biyu muna yi wa hukumomi ne. Ranar da aka mayar da wannan littafi abin da sufeto zai sa wa hannu, ya mutu, domin kowa zai rubuta abin da ake son ji, a daren da zai kai shi. Wannan reshe ba zai goyi bayan tilasta shi ba.

Shawararmu ga shugabannin reshe ita ce a ware minti 15 a ƙarshen kowane taro, wanda ya ga dama ya karanta shafi ɗaya daga littafinsa, tsofaffin hedimastoci su faɗi yadda suka bi da irinsa a zamaninsu. Muna roƙon a saka wannan cikin ajandar taro mai zuwa.