Wane Ne Dodon Dajin Yanomami?

Akwai wani nau'in littafin kasada na yara wanda Turawa ba su gaji da rubutawa ba, mu kuma ba mu gaji da sayo wa 'ya'yanmu ba. Zubinsa ɗaya ne: yaro ɗan birni ya ɓata a dajin Amazon, ya sha da ƙyar a hannun damisa da mesa, sa'an nan wasu mutane masu jan shafe-shafe a fuska su tsince shi, su koya masa harbi da baka, daga bisani ya koma gida da labari. A wasu daga cikin littattafan, mutanen nan su ne Yanomami. Mu dai a ganinmu wannan zubi ƙarya ce da aka yi wa kwalliya, kuma wajibi ne malaman adabi su faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba.

Yanomami al'umma ce da yawanta ya haura 30,000, tana zaune a kan iyakar Birazil da Benezuwela. Mutanen ƙauye guda sukan zauna a babban gida ɗaya mai siffar da'ira, wanda ake kira shabono. Manoma ne na ayaba da rogo, suna kuma farauta da su. Ke nan dajin da marubuci ya mayar fagen tsoro, a wurin yaron Yanomami gida ne da gona da kasuwar magani.

To, daga ina haɗari yake zo wa wannan yaro? Tarihi ya amsa. A 1968 annobar ƙyanda, cutar da baƙi suka kawo, ta yi musu ɓarna. Daga 1987 masu haƙar zinariya kimanin 40,000 suka kwarara cikin ƙasarsu ta ɓangaren Birazil, suka yaɗa zazzaɓin cizon sauro, suka gurɓata koguna da zaibar da suke tace zinariya da ita. A 1992 gwamnatin Birazil ta shata musu ƙasa, amma shekara ɗaya bayan haka masu haƙa suka kashe mutum 16 na ƙauyen Hashimu, har da mata da yara, laifin da kotu ta kira kisan ƙare dangi. A watan Janairun 2023 gwamnatin ta ayyana dokar ta-ɓaci kan lafiya a yankin, bayan bayanai sun nuna cewa yara 570 sun mutu cikin shekaru 4 saboda yunwa da cututtukan da ake iya magancewa. Ba damisa ce ta kashe su ba. Baƙon da ya sauko daga jirgi, wanda littafi yake naɗa wa rawanin jarumta, shi ne kamannin dodon da uwayen Yanomami suke tsoro.

Wannan karkatar da gaskiya tana da asali. A 1968 wani masanin al'adu ɗan Amurka, Napoleon Chagnon, ya wallafa littafin da ya laƙaba wa Yanomami sunan mafaɗata, littafin ya kuma karanto a jami'o'i shekara da shekaru, duk da sukar da masana da dama suka yi masa. Marubutan da suka ƙi wannan hoto kuwa, sai suka faɗa ɗaya ramin: suka zana su kamar jarirai masu murmushi, marasa tarihi, marasa siyasa. Alhali kuwa suna da bakin magana. Jagoransu Davi Kopenawa ya shiga kafa ƙungiyar Hutukara a 2004, kuma a 2010 littafin da ya yi tare da Bruce Albert ya fito da Faransanci, inda ya bayyana duniya da idon mutanensa. Wanda ya rubuta labarin Yanomami bayan wannan shekara, bai saurare su ba, ba shi da hanzari.

Mun san za a ce ai labarin yara ne, nishaɗi kawai ake nema, me ya kawo zancen zaiba da gawa? Amsarmu ita ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Littafin King Solomon's Mines na Rider Haggard, wanda ya fito a 1885, shi ma don nishaɗi aka yi shi, amma ya koya wa samarin Ingila cewa dukiyar ƙasar baƙar fata rabon mai ƙarfin halin zuwa ɗauka ce. Mu ma da muke zaune nesa da ƙasar Hausa mun san ɗacin ganin Bahaushe a wasan kwaikwayo ba ya wuce maigadi. Bugu da ƙari, a 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta hallaka yara kimanin 400 a Zamfara. Shin za mu yarda baƙo ya rubuta labarin kasada a waɗannan ƙauyuka, ya cika shi da kuraye, ya tsallake kaburburan?

Ba cewa muke yi a hana yara kasada ba, haka kuma ba mu nemi a mayar da littafinsu rahoton asibiti ba. Abin da muke kira gare shi shi ne a mayar wa mai gida jarumtarsa. Yarinyar da ta lura kifin rafinsu ya fara sa ƙannenta ciwo, ta keta daji kwana da kwanaki don ta kai labari, ai ta ishi kowane littafi kasada. Ɗalibanmu masu sha'awar fassara da ƙagen labari, kafin ku juya irin waɗannan littattafai zuwa Hausa, ku tambayi kowannensu abu uku: wa yake magana, wa aka rufe wa baki, kuma wa ya amfana da shirun? Littafin da ya kasa amsawa, ku mayar da shi kan kanta.